Toka a Bakin Rijiya

Ranar sadakar bakwai ta mijina, ina zaune a kan tabarma a ɗakin Inna, uwar mijina, 'yata Zuhra ta ɗora kai a cinyata. A tsakar gida mata na suyar masa, ƙamshin mai ya cika ko'ina. Sai na ji an doki ƙyauren gida da ƙafa, kwanuka suka watse, wata mata ta ce, "Subhanallahi! Ɗahiru, lafiya?"

"Ina take? Ina arniyar nan take?"

Yaya Ɗahiru ne, wan mijina. Yana Kano wajen cin rani aka yi rasuwar, bai iso ba sai washegarin jana'iza, kuma tun da ya zo ko gaisuwata bai amsa ba. Ya fizge labulen ɗakin har igiyar ta tsinke. Idanunsa jawur.

"Tashi ki faɗa wa mutane abin da kika yi wa ɗan'uwana!"

Na ce, "Yaya, ina kwana? Zauna mu yi magana."

Ban rufe baki ba na ji mari. Kunnena ya ɗauki ƙara, kaina ya bugi bango, Zuhra ta ƙwalla ihu.

Inna ta miƙe. "Ɗahiru! Mai takaba kake duka? A ɗakina?"

"Wace takaba ga wadda ba ta sallah? Inna, duk Matameye ta ji! Da ta shigo gari da shi a kan amalanke, sunan wa take kira? A je a tambayi masu shayin bakin tasha! Yesu, Yesu, shi ne abin da ya shiga kunnen Inusa na ƙarshe. Ta bar ɗanki ya mutu ba kalmar shahada!"

Na ce, "Ya yi shahada, Inna. Da kunnena na ji."

"Ƙarya kike!"

Ya kai hannu wuyana ya damƙi ɗan gicciyen ƙarfe da babana ya ba ni, ya fizge. Zaren ya yanke ni kafin ya tsinke, na ji jini na bin ƙirjina. Sannan ya finciki Zuhra da hannu ɗaya, yarinya 'yar shekara biyar, ƙafafunta na reto. Sai da mata uku suka taru suka ɓamɓare ta daga hannunsa.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, ya nuna ni da yatsa. "Ana yin arba'in zan tafi da yarinyar nan Kano, wajen matata. Jininmu ce. Kin halaka uban, ba za ki halaka 'yar ba!"

Na dubi Inna. Sai ta sunkuyar da kai. Wannan ya fi marin zafi, don na gane maganar ta shige ta.

Bari in koma baya kaɗan saboda wanda bai san mu ba. Sunana Tabita, 'yar marigayi Ayuba kafinta. Mu Kirista ne, kuma gidajenmu a garin nan ba su da yawa. A aji biyar na bar lakwal, wato makarantar boko, don haka mai karatu ya yi mini haƙuri in rubutuna bai yi daɗi ba. Inusa manomin rake ne, garkarsu, wato lambunsu, tana fadama ta hanyar Dawce. Ina budurwa nakan je sayen rake wajensa, shi kuma kullum sai ya yanko mini gaɓar gindi, wadda ta fi zaƙi, ya ce kado ce, wato kyauta. Rannan na ce masa, "Kai Mai Rake, haka kake yi wa kowa?" Ya ce, "Da haka nake yi wa kowa, da tuni na koma sayar da ganye." Daga nan sunan ya bi shi. Har ya bar duniya ban kira shi da wani suna ba.

Aurenmu ya sha surutu ta kowane ɓangare. Babana ya yi wata biyu ba ya cin abincin da na dafa. Yaya Ɗahiru ya rantse ba zai taka wurin ɗaurin aure ba, kuma bai taka ba. Amma Inusa bai taɓa tilasta mini ba, ni ma ban taɓa yi masa wayo ba. Ran Lahadi yakan ɗauke ni a moto, wato babur, ya kai ni majami'a, ya zauna ƙarƙashin bishiyar bedi yana ɓare gyaɗa har mu fito. Da azumi ni nake tashi in dama masa kunun sahur, in tashe shi. Muka yi shekara bakwai a haka.

Ga yadda ya rasu. Duk mai noman rake ya san in rake ya yi tsawo ana zage busasshen ganyen ƙasa, kuma ba a barin shi cikin garka. Ana kwashe shi can waje a ƙone, domin maciji na son tarin ganye, balle kusa da rijiya inda akwai sanyi da kwaɗi. A shekarar nan Yaya Ɗahiru ne ya zage ganyen, ranar da zai tafi Kano. Yana sauri kada mota ta bar shi, sai ya tara shi tuli guda a bakin rijiya. Ina wurin na kawo fura. Inusa ya ce, "Yaya, a bakin rijiya? Ka manta abin da Baba yake faɗi?" Ya ce, "Kai dai ka cika tsoro. In ya dame ka ka kwashe." Ya saɓa jakarsa ya tafi.

Aiki ya yi wa Inusa yawa, sai bayan kwana huɗu ya samu sukunin kwashewa. Ranar kasuwa ce, duk maƙwabtan garka sun tafi da rakensu. Na iso da rana tsaka da kwaryar fura, ina ganin sa ya rungumo ganyen, sai ya yi tsalle ya ce, "Wayyo Allah!" Gamsheƙa ce, baƙa wuluk. A damtse ta sare shi.

Na yi ihu, ba kowa. Wayar salularsa ba caji. Na ɗaure hannun da ɗankwalina, na ja shi har kan amalankensa ta ɗaukar rake, na kama igiyar san da ke jan ta da kaina. Hanyar yashi ce, sa ba ya sauri ko ka kashe shi da duka. Tun muna hira yana ce mini kada in tsorata, har idanunsa suka fara rufewa, harshensa ya yi nauyi.

Ya ce, "Tabita, tsaya. Abu biyu. Kada Inna ta ji daga bakinki wanda ya tara ganyen nan. Ɗa ɗaya ya rage mata. Na biyu, ki ce wa Yaya na yafe. Kwanana ne ya ƙare."

Na ga alamar tafiya ce. Ni Kirista ce, kalmarsu ba tawa ba ce, amma cikin Musulmi na girma, na san abin da suke so mutum ya cika da shi. Na ɗora kansa a cinyata na ce, "Mai Rake, faɗi kalmar da Inna ta koya maka. Faɗi, ina jin ka." Ya faɗa sau biyu a fili, ta ukun leɓensa kawai ya motsa. Shi ke nan. Bayan ya cika ne na kora amalanken cikin gari kamar mahaukaciya, ina kiran Ubangijina. Wa kuma zan kira? Abin da masu shayi suka ji ke nan.

To, kwana uku bayan marin, Kawu Nasiru, ƙanen mahaifin su Inusa, ya tara dangi a zaure. Ni ba a kira ni ba. Aka aiko mini cewa tunda akwai shakka, yarinya za ta bi wan ubanta bayan arba'in. Na zauna ina ƙirga kwanaki kamar wadda za a yanka. Ko fitsari Zuhra za ta je sai ta riƙe zanena ta ce, "Mama, Baba Ɗahiru zai zo?"

A cikin masu zuwa gaisuwa ne wata ta ce, "Ɗahiru dai abin tausayi. Ranar da ya dawo ya wuce garka, ya cinna wa tarin ganyen bakin rijiya wuta, ya tsaya har ya zama toka."  Ashe ya je ya gani. Ashe ya sani, kuma ya san na sani. Nan na gane abin da ke cin sa. Sai dai, in faɗi gaskiya, ban ji tausayinsa ba. Na ce a raina, bari ya ci shi. Saƙon yafiyar da Inusa ya ba ni na ƙulle shi a cikina, na ce wanda ya mare ni bai cancanci jin sa ba.

Labarin marin ya kai wa ƙanena Iliya, ɗan kabu-kabu ne, mai zafin kai tun yana yaro. Ranar kwana na goma sha biyar da rasuwa, da hantsi, sai ga shi ya shigo da moto har tsakar gida, sarƙar moto naɗe a hannunsa. Yaya Ɗahiru na zaune a gindin turmi yana wasa adda.

"Kai ne mai dukan mata, ko? To, tashi ka daki namiji!"

"Fita daga gidan ubana, ɗan arna!"

Kafin in fito daga ɗaki har Iliya ya zabga masa sarƙar a fuska. Goshinsa ya tsage, jini ya rufe masa ido. Ya yi kukan kura ya miƙe da addar. Suka kama kokawa, suka ture randa ta fashe, kaji suka watse, Inna na ihu tana kiran maƙwabta. Na ga Iliya ya zame a cikin ruwan randar ya faɗi, na ga addar ta tashi sama. Ban san lokacin da na faɗa tsakaninsu ba. Na ɗaga hannu, addar ta sauka a nan, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Ban ji zafi ba da farko, sai na ga naman ya buɗe fari, sannan jini ya yi tsartuwa har kan rigar Iliya.

Kowa ya tsaya cak. Addar ta faɗi daga hannunsa.

Ɗinki goma sha ɗaya aka yi mini a gidan likita. Jandarmomi biyu suka zo, babbansu ya buɗe takarda ya ce, "Madam, wa ya sare ki? Kina kai ƙara?" Iliya na gefe yana cewa, "Faɗa masu, Yaya Tabita! Su rufe shi, mu ga wanda zai tafi da Zuhra!" Maganarsa ta shige ni, don hanya ce mai sauƙi. Amma na tuna Inna, na tuna ɗa ɗaya ya rage mata. Na ce, "Faɗan gida ne na shiga raba. Ba ni da ƙara." Iliya ya buga ƙafa ya fita, ya ce ni wawuya ce.

Da yamma matar fastonmu, Mama Rifkatu, ta zo duba ni. Tsohuwa ce mai faɗar gaskiya ko ba daɗi. Da muka rage mu biyu na kasa riƙewa, na kwashe komai na faɗa mata, har tarin ganyen, har saƙon. Ina jiran ta yaba mini haƙurina.

Sai ta ce, "Saƙon mamaci kika danne?"

"Mama, dubi hannuna! Dubi wuyana!"

"Na gani, 'yata, kuma ban ce ki koma ki miƙa masa ɗayan ya sare ba. Kada ki ƙara zama inda zai rufe ƙofa da ke. Amma tambayar ki nake: shirun nan naki haƙuri ne, ko horo kike yi masa?"



Ta ce, "Ranar da aka mari Almasihu a gaban manya bai rama ba, bai zagi kowa ba, amma kuma bai yi gum ba. Ya buɗe baki ya tambayi mutumin dalilin marin. Kuma suna cikin kafa masa ƙusa yake roƙa masu gafara, bai jira sun tuba ba. Ke kina riƙe da maganin mutum a hannu, kina kallon sa yana haukacewa. Mai ciwo ne, Tabita. Mai ciwon da ya rasa inda zai sa kansa shi ke cizon na kusa da shi."

Na ce, "In na je ya kashe ni fa?"

"Ki je da rana, inda mutane za su hango ku. Kafin ki buɗe baki ki roƙi Ubangiji ya cire miki son ki ga ya durƙusa. In da wannan kika je, ko kalmominki sun yi zaƙi zai ji ɗacinsu."

Wannan addu'a ta ɗauke ni kwana ashirin da uku. Kullum na fara sai in ji marin a kunnena, in tashi. Ni ba waliyiya ba ce. Akwai ranar da na ɗaga murya zan faɗa wa Inna komai, har na ce, "Inna, kin san wanda..." sai na dube ta tana jan carbi, na ce, "Kin san wanda ya kawo mana itacen nan?"

Ana gobe arba'in, matar Yaya Ɗahiru ta aiko daga Kano da 'yar jaka ta zuba kayan Zuhra. Na ga jakar a bakin ƙofa, shuɗiya, da hoton fure. Da hantsi na ce wa Inna, "Na san mai takaba ba ta yawo, amma akwai saƙon ɗanki da ban isar ba. Ki ba ni izini in je garka." Ta dube ni ta ce, "Je ki, ki dawo kafin azahar."

Na tarar da garkar kamar an yi yaƙi. Raken da Inusa ya yi wata tara yana ba ruwa, rabi a kwance, an sassare shi ba tsari, ƙudaje na bi. Can gefe maƙwabta biyu na ban ruwa, na gaishe su da ƙarfi don su san na zo. Yaya Ɗahiru na tsaye a bakin rijiya, ƙafafunsa cikin toka, adda a hannu, tabon sarƙa a goshi. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo.

"Me ya kawo ki?"

"Sannu da aiki, Yaya. Magana na zo mu yi."

"Ba ni da magana da ke! Gobe war haka yarinyar na Ɗan Barto, mun kusa ƙetare iyaka. Ki je ki kira ƙanenki da jandarmominki!"

"Ban kira su ba ranar da jinina ke zuba, yau ma ba zan kira su ba."

Ya kai wa wani rake sara, ya faɗo a gabana. Ya sake sara, ya sake, ruwan raken na fantsamo mini a fuska. "To me kike so? Kin zo ki nuna mini wurin? Ga shi nan! Nan ne, ko? Faɗi! Faɗi abin da ke bakinki, munafuka! Kwana arba'in kina kallo na da idanun nan!"

 Kalmar na kan harshena, wallahi tana nan: kai ka kashe shi. Na haɗiye ta, na ce a zuci, Ubangiji, riƙe mini bakina.

Na ce, "Nan ne, Yaya. Ina wurin ranar da ka tara, ina wurin ranar da ya kwashe. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Ya yi wurgi da addar ya shaƙe ni da hannu biyu. Ya tura ni baya har dugadugaina suka taɓa bakin rijiya, ina jin sanyin ruwan a bayana. Na ji maƙwabta sun yo gudu suna "Kai! Kai, Ɗahiru!" Na ɗaga hannuna mai ɗinkin na tsayar da su. Da ɗan numfashin da ya rage mini na ce, "Ya ce... ya yafe."

Hannunsa ya saki kaɗan. "Me kika ce?"

Na yi tari har na durƙusa. Maƙwabtan suka tsaya nesa kaɗan. Na rage murya yadda shi kaɗai zai ji.

"A kan amalanke, harshensa ya riga ya yi nauyi. Bai yi maganar garka ba, bai yi maganar kaina ba. Maganarka ya yi. Ya ce, ki ce wa Yaya na yafe, kwanana ne ya ƙare. Ya ce kada Inna ta ji daga bakina, don kai kaɗai ka rage mata. Daga nan na ce ya faɗi kalmar da Inna ta koya masa, ya faɗa sau biyu, ya cika. Ban kira Ubangijina da ƙarfi ba sai da ya riga ya tafi."

"Ƙarya ne," ya ce, amma muryar ba ta fita sosai ba. "Don yarinyar kike faɗi."

"Ina son 'yata, ba zan ɓoye ba. In ka tafi da ita ban san yadda zan rayu ba. Amma da ita kawai nake nema, da na ba jandarma sunanka, ko in faɗa wa Kawu wanda ya tara ganye. Ko ka tafi da ita gobe, Inna ba za ta ji daga bakina ba. Kuma ni ma ina da laifi a wurinka. Tun ranar da ka dawo ya kamata in nemi hanyar da zan ba ka saƙon nan. Da ka mare ni sai na riƙe shi don ka sha wuya. Amanar mamaci na ci. Ka yafe mini, Yaya."

Ya dube ni kamar bai taɓa gani na ba. Ya dubi hannuna, inda ɗinkin ya bar layi kamar tafiyar kunama. "Ni... ni zan yafe miki?"

 Ya zube cikin tokar, ya dinga ɗibar ta yana zuba wa kansa, yana kuka irin na babban mutum, wanda ba daɗin ji. "Ya ce mini, Yaya, a bakin rijiya? Na ce masa matsoraci! Ni na goya shi, Tabita! Ni na koya masa riƙon adda! Kullum na rufe ido sai in gan shi ya rungumo ganyen nan!"

Wannan ne karo na farko da ya kira sunana cikin shekara bakwai. Na ja guga na ɗebo ruwa da hannuna mai lafiya, na ajiye a gabansa. Na ce, "Wanke fuskarka, Yaya. Inna na jiran mu kafin azahar."

Washegari, bayan malamai sun shafa addu'ar arba'in baƙi sun ragu, ya shigo tsakar gida ya durƙusa a gaban Inna, Kawu Nasiru na tsaye. Ban sa shi ba, na ma girgiza masa kai, amma ya ƙi kallo na. Ya faɗi komai da bakinsa: ganyen, gargaɗin Inusa, tokar, da ƙazafin da ya yi mini don kada a dubi wajensa. Kawu ya ɗaga sandarsa zai rafka masa, Inna ta ce, "Ajiye, Nasiru."

Hawaye na bin kumatunta. Can ta ce, "Ɗa ɗaya na binne. Ba zan binne na biyu da bakina ba. Tashi." Sannan ta juyo gare ni. "Zo nan, 'yata. Faɗa mini yadda ya cika. A hankali, kada ki tsallake komai."

Na faɗa mata. Da na kai wurin da na ce ya faɗi kalmar da ta koya masa, sai ta rungume ni ta fashe da kuka, ta ce, "Kin tsaya mini a inda ban samu tsayawa ba."

Yaya Ɗahiru ya ɗauki shuɗiyar jakar ya zazzage kayan Zuhra a kan tabarmata. Sannan ya laluba aljihu ya fito da wani abu ƙunshe a takarda, ya ajiye a gabana. Gicciyena ne, da tsinkakken zarensa. Ya ce, "Ban san yadda ake gyara shi ba. Amma ban jefar ba."

Yau shekara uku ke nan. Zuhra na wurina, da safe ta je lakwal, da yamma makarantar allo, kamar yadda muka shirya da ubanta tun yana raye. Ba komai ne ya gyaru ba. Iliya ya fi shekara ba ya gaisawa da Yaya Ɗahiru, Zuhra ma ta daɗe tana ɓuya in ta ji muryarsa. Hannuna in sanyi ya shigo yana yi mini tsami, kuma har yau in na ji ƙarar amalanke sai in tuna ranar nan. Yaya Ɗahiru ya daina zuwa cin rani, ya dawo da iyalinsa, shi ke riƙe da garkar. Ba za ka ga ganye ko ɗaya a bakin rijiyar nan ba. Duk shekara raken farko da ya sara, gaɓar gindin yake yankowa ya kawo wa Zuhra.

Abin da ya sa na rubuta wannan, na ga da yawa cikinmu in magana ta yi zafi abu biyu muka sani: ko mu rama, ko mu yi gum muna dafa mutum a ciki, mu ce haƙuri muke. Na gwada na biyun, bai hana jini zuba ba. Abin da Almasihu ya nuna mana ya fi duka biyun wuya: ka je wurin wanda ya cuce ka, ka faɗi gaskiya ba ragi, amma ka faɗe ta don ya warke, ba don ya faɗi ba. Ban ce kowa ya tsaya a bakin rijiya kamar yadda na yi ba, wanda ake duka ya nemi tsari da shaidu. Amma kafin ka mayar da magana, ka tambayi kanka me ke cin mai yi maka ihun nan. Kalmar da na haɗiye a ranar nan, da na furta ta, da yau ba ni da 'ya a gabana, Inna kuma ba ta da ɗa.

Allah ya ji ƙan Mai Rake. Mu da muka rage, ya riƙe mana bakinmu a ranar fushi.